Kafin Jiniya Ta Iso



Mai girma shugaban taro, iyayenmu masu unguwanni, malamanmu, jami'an 'yan sanda da na kwana-kwana da nake hange a layin gaba, ɗalibai, 'yan'uwana maza da mata, barkanmu da war haka. An ba ni minti arba'in. Da yake maganar tawa ta yau kacokan a kan mintoci take, zan yi ƙoƙari kada in ci na wani.

Bari in fara gyara wata kalma. Na sha jin 'yan jarida suna cewa wane ya yi "kisan kai", alhali mutumin kansa ya halaka. A Hausa kisan kai shi ne ka kashe wani. Wanda muke magana a kansa yau kuwa sai dai mu ce ya kashe kansa, ko ya yi yunƙurin kashe kansa. Ba mu da wata kalma guda ɗaya tilo da muka raɗa wa abin, kuma ina ganin hakan ba ya rasa nasaba da yadda muke kauda kai daga gare shi. Sau da yawa mukan ce abin Turawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce mutum sama da 700,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, kuma kusan kashi uku cikin huɗu nasu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke, irin namu.

Wata Laraba da la'asar, shekarun baya, ina zaune a wata tashar mota a wani gari na Arewa, ina jiran motarmu ta cika. Saura mutum biyu. Sai na ga 'yan kamasho sun bar kiran fasinja, kowa ya ɗaga kai sama. Akwai ƙarfen sabis a bayan katangar tashar. Wani saurayi ne ya haye can ƙololuwa ya zauna. Abin da ya fara tsaya mini a rai ba shi ba ne, takalmansa ne. Silifas ne shuɗaye, ya jera su a gindin ƙarfen, kai da kai, kamar wanda ya shiga masallaci.

Kafin ka ce kwabo wuri ya cika. Ba zan yi muku ƙarya ba, mafi yawan hannayen da na gani a sama waya ce a cikinsu. Wani ya ce ƙwaya ce. Wani ya ce budurwa ce ta ƙi shi. Wani daga baya-baya ya ɗaga murya ya ce, "Kai, in za ka faɗo ka faɗo, muna da abin yi!" aka kwashe da dariya. Ni kuma na yi abin da ɗan boko ke yi, na ciro waya na kira 'yan sanda. Na duba agogo, ƙarfe huɗu da minti goma. Daga nan na naɗe hannu na tsaya, a raina na sauke nauyi.

Akwai wani dattijo mai shayi a bakin ƙofar tashar. Bai ce da kowa komai ba. Ya sauke butarsa daga kan wuta, ya aiki yaronsa ya karɓo masa lasifikar da 'yan kamasho ke kiran fasinja da ita, ya ratsa mutane har gindin ƙarfen. Abin da ya fara faɗa har yau yana kunnena: "Yaro, sannu. Ni ban san sunanka ba. Ni ne mai shayin nan na bakin ƙofa. Ka ci abinci yau?"

Shiru. Ya sake tambaya. Can sai yaron ya girgiza kai. Dattijon ya juyo ya dubi taron, ya ce don girman Allah duk mai ɗa a gida ya sauke wayarsa ya ja da baya. Ba kowa ya ji ba, amma da yawa sun ji kunya sun ja. Ya ci gaba da magana, ba wa'azi, ba faɗa, bai ambaci wuta ko aljanna ba. Ya ce shi ƙafarsa ba ta hawa, in da tana hawa da ya iske shi can, don haka yana roƙon arziki yaron ya sauko su zauna a benci, in ya sha shayi ya faɗa masa ko wane ne ya ɓata masa. Ya ce, "Ga takalmanka a hannuna, ba wanda zai taɓa."

Yaron ya sauko ƙarfe biyar saura kwata. Motar 'yan sanda ta iso ƙarfe biyar da minti biyu, da jiniya. Minti 52 daga kirana. Sun iske shi a kan benci da kofi a hannu yana rawar jiki. Suka karɓe kofin, suka saka masa ankwa, suka jefa shi bayan mota. Dattijon ya bi motar da sassarfa yana miƙa silifas. Motarmu ta cika, muka tashi.

Tun daga ranar nake juya lissafin nan na minti 52. Da fari haushin 'yan sandan na ji. Daga baya da na zauna na karanta abin da masu bincike suka gano, sai na ga ko da sun zo a minti 15, lissafin bai canza sosai ba.

Ga dalili. A shekarar 2001 aka wallafa wani bincike da aka yi a birnin Houston na Amurka. An zauna da matasa 153, 'yan shekara 13 zuwa 34, waɗanda suka yi yunƙurin da ya kusa kai su lahira, aka tambaye su: tsakanin lokacin da kuka yanke shawara da lokacin da kuka aikata, minti nawa ne? Kusan ɗaya cikin huɗu suka ce bai kai minti biyar ba. A 2009 likitoci a ƙasar Ostiriya ta Turai suka yi wa majinyata 82 irin wannan tambaya, kusan rabinsu suka ce minti goma ko ƙasa da haka. Damuwar takan yi watanni ko shekaru tana cin mutum, wannan gaskiya ne. Amma ƙiris ɗin nan da mutum ke tsallakawa daga tunani zuwa aiki gajere ne ƙwarai, kamar ƙonewar bunu.

To ku ɗora wannan a kan agogon 'yan sanda. A Ingila, inda akwai mota, akwai mai, akwai titi mai suna da gida mai lamba, ma'aunin da yawancin rundunoninsu suka ɗora wa kansu shi ne su isa wurin kiran gaggawa cikin minti 15 a birni, minti 20 a ƙauye. Kuma ba kullum suke cika shi ba. Ke nan 'yan sandan da suka fi namu kayan aiki nesa ba kusa ba, in an yi tsere tsakaninsu da waɗannan mintoci goma, su ne a baya.

Akwai kuma wani ɓangare na agogon da ba mu cika kirgawa ba. Tun 1977 'yan sandan birnin Kansas a Amurka suka bincika saurin isarsu wuraren da aka yi laifi, suka tarar sau da yawa lokacin da jama'a ke ɓatawa kafin su ɗaga waya ya fi wanda motar ke ci a hanya. Mutum sai ya kira ɗan'uwansa, ya yi shawara da maƙwabci, ya jira ko wani zai kira. A kan sata da fashi aka yi wancan bincike, amma duk wanda ya taɓa tsayawa cikin taron 'yan kallo ya san haka abin yake. A tashar nan, yaron ya fi minti goma a sama kafin ni in kira, kuma da na tambayi na kusa da ni, babu wanda ya riga ni.

Na san abin da wasu ke rayawa a zuci, don an sha faɗa mini: wanda ya yi niyya ai ko ka hana shi yau, gobe zai sake. Wannan magana an gwada ta. Gadar Golden Gate ta San Faransisko, wadda aka buɗe a 1937, ta yi ƙaurin suna a wannan fanni. Wani malamin jami'a a Kalifoniya, Richard Seiden, ya nemo sunayen mutum 515 da aka tare a kan gadar tsakanin 1937 da 1971, ya bi sawunsu ya ga ina suka ƙare. A 1978 ya fitar da sakamako: kashi 94 cikin ɗari ko dai suna raye, ko kuwa ajali ya same su ta hanyar da yake samun kowa. Shekaru sama da ashirin a tsakani ga yawancinsu. An tare su rana ɗaya, suka koma suka yi aure, suka yi aiki, suka tsufa. Saboda haka wanda ya riƙe mutum da hira na rabin awa ba jinkirta masa mutuwa ya yi zuwa gobe ba. Galibi ya raba shi da ita ke nan.

A kan wannan gada dai, a watan Satumba na 2000, wani yaro ɗan shekara 19 mai suna Kevin Hines ya hau bas ya tafi yana kuka. Ya yi kusan minti arba'in yana kai da kawo a kan gadar, hawaye na zuba, masu yawon buɗe ido na wuce shi, masu keke na wuce shi. Ya faɗa daga baya cewa ya yi wa kansa alkawari in mutum ɗaya ya tsaya ya tambaye shi ko lafiya, zai faɗa masa komai ya fasa. Mutum ɗaya ta tsaya. Wata mata ce, ta miƙa masa kyamara ta ce ya ɗauke ta hoto. Ya ɗauke ta, ta karɓa ta tafi. Yana cikin 'yan ƙalilan da suka faɗa daga gadar suka rayu, kuma ya ce hannunsa na barin ƙarfen nadama ta kama shi. Mu da muke cewa labarin zuciya a tambayi fuska, ga fuska jiƙe da hawaye minti arba'in, ba wanda ya tambaye ta.

Ku kwatanta da abin da ya faru a Landan a watan Janairu na 2008. Jonny Benjamin, ɗan shekara 20, ya sulale daga asibitin da aka kwantar da shi, ya tafi gadar Waterloo. Safiya ce, ma'aikata na ta tururuwa. Wani mai koyar da motsa jiki, Neil Laybourn, yana kan hanyarsa ta zuwa aiki, ya tsaya. Bai san shi ba, bai karanci aikin likita ba. Ya tambaye shi me ya zaunar da shi a nan, ya saurare shi, ya ce masa yana ganin zai warke, ya ce sanyi ya yi yawa su je su sha kofi. Sun yi kusan minti 25. Jonny ya dawo ta cikin shinge. Sannan 'yan sanda suka iso, kuma abin da ya ba ni mamaki da na karanta, su ma ankwa suka saka masa. Jonny bai ko san sunan mutumin ba. Sai bayan shekara shida, a 2014, ya yi cigiyarsa ta intanet har aka gano shi, kuma a 2017 su biyun suka yi gudun fanfalaki na Landan tare.

A Sidni ta Ostireliya akwai wani tsoho, Don Ritchie, tsohon sojan ruwa, wanda gidansa ke kallon wani tsauni a bakin teku da ake kira The Gap. Shekaru kusan hamsin, in ya hango daga tagarsa wani ya tsaya shi kaɗai a bakin tsaunin ya daɗe, sai ya tsallaka titi, ya yi murmushi, ya tambaye shi ko akwai abin da zai iya taimaka masa da shi, ya gayyace shi gida shan shayi. Kafin ya rasu a 2012 an lasafta masa mutum aƙalla 160. Shi da kansa ya ce ba duka ya iya tarewa ba, wasu a gabansa suka tafi. A Nanjin ta ƙasar Sin, Chen Si tun 2003 yake sintiri a kan babbar gadar kogin Yangtze duk ƙarshen mako, ba wanda ya ɗauke shi aiki. Shayi, kofi, tambayar ko ka ci abinci. Dattijon tasharmu bai taɓa jin sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Taro kuwa fuska biyu gare shi. A 1981 wani masani, Leon Mann, ya tattara labarai 21 na mutanen da suka hau gini ko gada jama'a na kallo, ya tarar a goma daga ciki sai da taron ya yi ta zuga mutumin. Abin ya fi faruwa in taron ya yi yawa, in duhu ya yi, in mutumin yana nesa ba a ganin idonsa, in kuma an daɗe ana tsaye an fara gajiya. A birnin Derby na Ingila a 2008, 'yan sanda sun isa da wuri, sun yi sa'o'i suna lallashin wani yaro ɗan shekara 17, wasu daga ƙasa suna masa ihu suna ɗaukarsa da waya. Yaron bai rayu ba. A can 'yan sanda ba su makara ba, jama'a ne suka kwance musu aiki.

Amma kada mu zalunci ɗan Adam. A 2019 wasu masu bincike suka duba hotunan kyamarorin kan titi na rigingimu 219 a Amsterdam da Lancaster da Cape Town, suka ga a tara cikin goma sai da wani ya shiga tsakani, kuma yawan jama'a ƙara yiwuwar hakan yake yi. Tausayin yana nan. Abin tambaya shi ne, me ke ɗaure wa namu mutanen hannu?

A nan zan juyo gare ku, ranka ya daɗe baturen 'yan sanda, kuma da girmamawa nake magana. Talakan ƙasar nan ya koyi darasi mai ɗaci: wanda ya taimaki baƙo shi ake fara riƙewa. Ka ɗauki wanda mota ta buge ka kai asibiti, ka kwana a caji ofis kana rubuta bayani. Abin ya kai har sai da majalisa ta yi doka a 2017 a kan waɗanda aka harba da bindiga, ta ce asibiti ya karɓe su ko babu takardar 'yan sanda, kuma kada a tsangwami wanda ya kawo su da tambayoyin cin fuska. In har sai an yi doka kafin a bar mai taimako ya tafi gida, to kun san inda muke.

A maganar yau kuma akwai ƙari, domin wanda ake son a ceta ɗin, a idon doka mai laifi ne. Sashe na 327 na kundin laifuffuka da ake aiki da shi a Kudu ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Sashe na 231 na Final Kod ɗin da Arewa ta gada ya ce ɗauri har shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun. Saboda haka 'yan sandan da suka saka wa yaron tasha ankwa ba su karya doka ba, ita suka bi. A Legas a 2017 masunta suka tsamo wani matashi da ya gaji da neman aiki daga ruwa, suka miƙa shi ga 'yan sanda da kyakkyawar niyya. Ya yi makonni a tsare, aka gurfanar da shi a kotu, aka kai shi kurkuku, sai da lauyoyi masu aikin sa kai suka shiga maganar. Yanzu ku gaya mini, uwar da ta ji wannan labari, in ta tarar da ɗanta a wani hali da tsakar dare, za ta kira 'yan sanda? Ba za ta kira ba. Za ta rufe ƙofa ta yi ta tofi, in an kai asibiti ma a ce kuskure ne. Mintocin da muke kirgawa a nan suke zubewa.

Turawan da suka bar mana wannan doka sun soke tasu tun 1961. Gana, inda 'yan'uwanmu ke zaune a zangon Kumasi da Nima, majalisarta ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka a watan Maris na 2023. Mu ma a farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, abin a yaba, amma ba ta taɓa waɗancan sassa biyu ba.

Malamai na zaune, ba zan shiga gonarsu ba, sai dai in tsaya a bakin kunya. Babu musu kashe kai haramun ne, kuma babban zunubi ne, a Musulunci da Kiristanci duka. Amma haramcin abu daban, yadda za a yi da wanda ciwo ya kai shi bakinsa daban. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya yi hijira zuwa Madina tare da Ɗufailu bin Amr, ciwo ya tsananta masa har ya yi wa kansa raunin da ya zama ajalinsa. Ɗufailu ya gan shi a mafarki cikin kyakkyawan hali amma hannayensa a lulluɓe, ya ba Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, labari, shi kuma ya roƙa wa hannayen nasa gafara. Aya ta 32 a Suratul Ma'ida kuwa kowa a nan ya san matsayin da ta ba wanda ya raya rai guda. Ban ga inda aka ce sai ran ɗan'uwanka na jini ba, ko na wanda hankalinsa ke kwance.

In muka koma kan jami'ai, saurin zuwa rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne wa ya zo, da me ya zo. A birnin Memphis a 1987 wata uwa ta kira 'yan sanda saboda ɗanta na ji wa kansa rauni da wuƙa. Sun zo da sauri, suka harbe shi ya mutu. Fushin da jama'a suka yi ne ya sa a 1988 aka kafa wata runduna ta musamman, ana zaɓar jami'ai a ba su horon sa'a 40 kan yadda ake magana da wanda hankalinsa ya tashi, kuma asibiti suke kai shi maimakon ofis. Garuruwa da dama sun kwaikwayi tsarin. A gadar Golden Gate ɗin nan, wani sajan mai suna Kevin Briggs ya shawo kan mutum sama da 200. A watan Maris na 2005 ya tsaya minti 92 da wani matashi, Kevin Berthia, wanda bashin asibitin jaririyarsa ya sha masa kai. Matashin ya ce daga baya, yawancin lokacin shi ne ke magana, ɗan sandan saurare kawai yake. Kaki bai hana shi ba.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan saukowa, kuma labarin da ya fi taɓa ni a nan na ɗan sanda ne. Yukio Shige yana dab da ritaya a 2003 ya iske wasu tsofaffi, miji da mata, a bakin tsaunin Tojinbo a Japan, bashi ya ci kasuwarsu. Ya lallashe su suka fasa, ya miƙa su ga ofishin jin ƙai kamar yadda ƙa'ida ta ce. Wannan ofis ya ba su kuɗin mota zuwa gari na gaba, na gaba ma ya tura su gaba. Bayan 'yan kwanaki wasiƙarsu ta iso masa, ta godiya da bankwana. Tun daga 2004 ya kafa ƙungiya yana sintiri a tsaunin, kuma duk wanda ya tare ba ya sakinsa sai ya ba shi abinci, ya nema masa wurin kwana, ya raka shi da ƙafarsa wurin da matsalar take.

Wasu ƙasashe yanzu janye 'yan sanda suke daga wannan aiki. Amurka ta buɗe lamba ta daban, 988, a watan Yuli na 2022. 'Yan sandan Landan tun ƙarshen 2023 ba sa zuwa kiran da ya shafi taɓin hankali sai in akwai barazana ga rai. Ni ban ga yadda za mu kwafi wannan ba tukuna. Su suna da wanda za su miƙa wa. Mu likitocin ƙwaƙwalwarmu ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma asibitocin fannin a Arewa ana kirga su da yatsu: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, Dawanau a Kano, sai sassan da ke asibitocin koyarwa. 'Yan sandan ma kimanin 370,000 ne, kuma na san ofishin da mota ɗaya gare shi, in an kira sai an fara neman kuɗin mai. Ban zo in ɗora musu abin da ba su da iko a kai ba. Ajiye ankwa a mota da kashe jiniya kafin a ƙaraso ba sa cin ko lita ɗaya.

Kada kuma hoton ƙarfen sabis da gada ya rufe mana ido. Mafi yawan abin a cikin gida yake faruwa, bayan katanga, kuma a wurinmu sau da yawa da maganin ƙwari ne, wanda ke ajiye a kusan kowane ɗaki. Sirilanka ta hana sayar da mafi haɗarin irin waɗannan magunguna, mace-macen suka ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2015. A irin wannan hali mai ceto maƙwabciya ce da ta ji shirun ya yi yawa, ko ɗan adaidaita sahu da ya yarda ya ɗauka ba tare da tambayar wa zai biya ba. Iyayena mata, ina roƙonku: kada a tsaya ɗura manja ko madara, kada a sa yatsa a maƙogwaro, hakan na iya tura abin cikin huhu. A ɗauki mutum da kwalbar a nufi asibiti mafi kusa nan take.

In kuwa a waje ne ka ga wanda tsayuwarsa ba ta kwanta maka ba, ka yi abin da aka koya maka tun kana yaro, ka yi sallama. Ka tsaya ɗan nesa, kada ka yi wuf ka cafke shi, kada kai ma ka hau inda za ka faɗi. Ka faɗi sunanka, ka tambayi nasa. Ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce kai mai jar hula kira 112, ka kira 'yan kwana-kwana, don in ka ce "a kira" ba wanda zai kira. Ka sa wani ya kori masu waya. In ka ga alama, ka tambaye shi kai tsaye ko tunanin kashe kansa yake. Likitocin fannin sun tabbatar tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Daga nan ka rage baki ka buɗe kunne. Kada ka ce masa wasu sun fi shi shiga uku, ya sani, bai hana shi hawa ba. In jami'ai sun iso kada ka zame, ka bi su, ka nemo mai unguwa ko limami ya tsaya masa.

Ba sabon abu nake kawo muku ba. Kakanninmu fatake sun yi ta tafiya Gwanja suna sauka gidan fatoma a garin da ba su san kowa ba, in ciwo ya kama mutum a can shi ke jinyarsa, in ya mutu shi ke masa sutura. Har yau muna cewa baƙonka annabinka. Yaron da ke zaune shi kaɗai a kan gadar sama da magariba, da jakar leda a gefensa, shi ma baƙo ne.

Idan kuma a cikin zauren nan akwai wanda maganar ta taɓa shi don shi ne yake ɗauke da wannan nauyi, don Allah kada ka fita kai kaɗai. Ka kama hannun wanda ka yarda da shi ka faɗa masa yau, ko ka same ni bayan an tashi, ina nan ba sauri nake ba. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana da likita, yana da magani.

Ranka ya daɗe baturen 'yan sanda, roƙona gare ka guda ne: ka zaɓi jami'ai ko biyu ne a ofishinka, a tura su su zauna da likitocin ƙwaƙwalwa na mako ɗaya, kuma in aka sauko da mutum a nufi asibiti da shi. 'Yan majalisarmu na jiha kuwa, ku da kuke da lambobinsu, ku gaya musu sashen nan da ke ɗaure mara lafiya shekara guda yana hannunsu, zama ɗaya ya isa su cire shi.

Na ci minti uku daga na mai magana na gaba, a yafe ni.